Yadda na bi har na iya tura aiki a kulastar jami'a, daga cike fom zuwa gane dalilin zaman layi

Duk wanda bincikensa ya fi ƙarfin laptop ɗinsa, ko ba jima ko ba daɗe za a ce masa ya je ya nemi akawun a kulasta, wato tarin manyan kwamfutocin nan da jami'a ta haɗa wuri ɗaya ɗalibai da malamai ke raba amfani da su. Ni abin da ya kai ni shi ne bayanan jerin DNA na samfura masu yawa da zan daidaita da wata manhaja mai suna BWA sannan in jera su da wata mai suna samtools, laptop ɗina kuwa samfuri ɗaya ma sai ya kwana yana huci bai gama ba. Takardun da sashen kwamfuta ke bayarwa suna faɗa maka umarnin da za ka buga, amma ba sa faɗa maka abin da zai biyo baya in ka buga ɗin, kuma a nan ne ruɗanin yake. Shi ya sa na ga gara in jero yadda abin ya kasance min daki-daki, ko wani zai huta.

Farkon abin fom ne, kuma ba kai kaɗai za ka cike shi ba. Rabon lokacin kulasta da sunan rukunin malamin da ke duba aikinka ake bayarwa, don haka dole sai ya sa hannu ko ya amince ta imel. Fom ɗin ya tambaye ni sunan aikin, manhajojin da zan yi amfani da su, girman wurin ajiya da nake buƙata, ko bayanan nawa na mutane ne da ke buƙatar tsaro na daban, sai kuma wani gurbi da ya tsayar da ni cak: awannin CPU (wato ƙwaƙwalwar kwamfuta mai yin lissafi) nawa kake so. Na ɗauki fom ɗin na koma ofishin malamina na ce ranka ya daɗe wannan gurbin fa ban san me zan sa ba. Shi ne ya min lissafin a gefen takarda, ya ce in ka riƙe CPU 8 na tsawon awa 10 ka ci awa 80 kenan daga rabon rukuni, kuma ko ka yi amfani da su ko sun zauna banza an cire, tunda ka hana wani hawa kansu. Ban biya ko sisi daga aljihuna ba, amma daga ranar na gane cewa abin ba kyauta ba ne, akwai asusun da ake zaftarewa, kuma asusun na mu duka ne 'yan rukunin. Bayan na miƙa fom sai jira. Amsar ta zo ta imel da sunan shiga, da bayanin yadda zan haɗa VPN, wato amintacciyar hanyar shiga kwamfutocin jami'a daga nesa, in ina wajen harabar makaranta, da yadda zan saita lambar tabbatarwa ta waya, sannan suka ce sai na zauna wani ɗan gajeren horo kafin a buɗe min damar tura aiki. Horon kar ka raina shi, a nan ne kawai za ka ji dokokin da suka keɓanta da taku kulastar.

Ranar da na fara shiga da ssh, umarnin shiga wata kwamfuta daga nesa, na zaci zan ga wani abu mai ban mamaki, sai kawai baƙin allo da ɗan rubutun maraba da gargaɗi. Gargaɗin shi ne muhimmin: kwamfutar da ka sauka a kanta nod ɗin shiga ce (kowace kwamfuta ɗaya a cikin kulasta nod ake ce mata), kowa da kowa a kanta yake sauka, a nan ake gyara fayil da shirya aiki da tura shi, ba a nan ake gudanar da babban lissafi ba. In ka kunna abu mai nauyi a nan sai ta yi wa kowa nauyi, kuma akwai tsarin da ke kashe irin wannan aikin ba tare da sallama ba. Ainihin nododin lissafi suna can baya, ba ka taɓa su kai tsaye sai ta hannun mai rabon aiki. Namu Slurm ne, wanda aka fara ƙirƙira a ɗakin binciken Lawrence Livermore da ke Amurka a farkon shekarun 2000, kuma yanzu shi ne ke kan da yawa daga cikin manyan kwamfutocin duniya. Wasu jami'o'in PBS suke amfani da shi, can qsub da qstat za ka ji ana faɗa, wasu LSF mai bsub, amma tunanin kusan ɗaya ne, sunayen umarni ne suka bambanta.

Kafin in tura komai sai da na kwaso bayanan. Wuri biyu aka ba ni: foldar gida, ƙarama ce amma ana ajiye kwafinta, da scratch, mai faɗi da sauri amma babu kwafi, kuma fayil ɗin da ya daɗe ba a taɓa shi ba ana share shi. Manyan fayiloli scratch suke zuwa, sikirif (fayil ɗin da ake jera umarni a ciki) da ƙananan abubuwa gida. Na fara kwafa da scp intanet ya yanke a tsakiya, wata 'yar PhD a rukuninmu ta ce min ka koma rsync mana, shi in ya yanke ka sake bugawa ba zai sake ɗauko waɗanda suka riga suka iso ba. Haka aka yi. Daga nan na buga bwa aka ce min command not found, alhali sunansa na cikin jerin manhajojin da suka ce suna da su. Ashe manhajojin suna nan amma a rufe, sai ka buga module avail ka ga jerin, sannan module load da sunan wadda kake so. Ita dai ta ƙara min da cewa in riƙa rubuta lambar sigar a jiki, kar in bar shi ya zaɓar min, don ranar da aka sabunta kulasta sigar za ta iya canzawa ba ka sani ba, sakamakon wata biyu baya da na yau su ƙi haɗuwa.

Sai sikirif ɗin aiki. Fayil ne na rubutu kawai, layin farko #!/bin/bash, sai layukan da ke farawa da #SBATCH inda kake faɗa wa Slurm abin da kake nema, sunan aikin, ɓangaren kulastar da kake so a saka ka (nododin a kashe suke ɓangare-ɓangare), lokaci, memori, yawan CPU, da inda za a zuba rahoto. A ƙasa sai module load da ainihin umarninka. Akwai ƙananan tarkuna a nan da ba wanda ya jero min su wuri ɗaya. Layukan #SBATCH dole su zo kafin duk wani umarni na gaske, wanda ya zo bayan umarni Slurm ba ya kallonsa kuma ba zai yi maka ƙorafi ba. Lokaci kuma, --time=12:00 minti 12 ne, awa 12 sai ka rubuta 12:00:00, kwana ɗaya kuwa 1-00:00:00. Memori in ka rubuta --mem=16 babu G a ƙarshe megabait 16 ka nema. Sannan in a Windows ka rubuta fayil ɗin, sbatch zai ƙi karɓa ya ce akwai DOS line breaks a ciki, wato alamar ƙarshen layi irin ta Windows, wannan kam na gani da idona a turawar farko, maganinsa dos2unix da sunan fayil ɗin, ko ka rubuta shi a cikin kulastar da manhajar rubutu ta nano tun farko. Wani abin da ya ɗau min lokaci kafin ya zauna shi ne bambancin --ntasks da --cpus-per-task. BWA shiri ɗaya ne da ke raba kansa a CPU da yawa cikin nod guda, don haka ntasks 1 ne, cpus-per-task 8. In ka juya su, za a iya warwatsa maka CPU ɗin a nod daban-daban inda shirin ba zai iya kai musu ba.

Na buga sbatch da sunan fayil, ya amsa da Submitted batch job da wata lamba. Wallahi na ji daɗi sosai, na ɗauka an fara kenan. Na buga squeue -u $USER don in ga inda aikina yake sai na ga layi ɗaya: lambar aikina, sunansa, a ƙarƙashin ST, wato matsayin aiki, an rubuta PD, ma'ana yana jira a layi, lokaci 0:00, can ƙarshe inda ya kamata sunan nod ya fito an rubuta Priority. Na tafi na dawo yana nan. Dare ya yi gari ya waye yana nan yadda na bar shi. Abin da ya fi ci min rai shi ne in na buga squeue ba tare da sunana ba sai in ga ayyukan da lambarsu ta fi tawa girma, wato bayana aka turo su, sun riga sun koma R suna gudu. Raina ya fara raya min cewa ana fifita wasu ne, ko kuma sabon akawun ne ba a ɗauke shi a bakin komai ba. Sinfo kuma yana nuna min wasu nod a idle, zaune ba kowa a kai, wannan ya ƙara dagula min lissafi.

Ofishin masu kula da kulastar suna da ranar da suke buɗe ƙofa ga masu tambaya, sai na ɗauki laptop na je. Wanda na tarar bai ma tambaye ni dogon bayani ba, ya ce ba ni lambar aikin. Ya buga scontrol show job da lambar, ya juyo da allon ya nuna min layi biyu da biro, TimeLimit da kuma memori. Na nemi iyakar lokacin da ɓangaren ya yarda da shi da kusan duk memorin nod guda, saboda a tunanina gara ya yi yawa da ya gaza. Ya ce Malam, aikin nan awa nawa yake ci a gaskiya? Na ce ban gwada ba tukun. Ya gyara zama ya min bayanin da har yau shi nake amfani da shi. Layin Slurm ba wanda ya riga zuwa shi ke fara shiga ba ne. Kowane aiki yana da makin fifiko da ake haɗawa daga abubuwa da dama, tsawon zamansa a layi, girmansa, ɓangaren da yake, sai babban cikinsu wanda suke kira fairshare, wato yawan abin da kai da rukuninku kuka ci kwanan nan idan aka gwada da rabonku. Rukunin da ya sha kulasta makon jiya makinsa zai sauka, ya riƙa farfaɗowa a hankali. Ya buga sprio ya nuna min makin nawa a rarrabe, sshare kuma ya nuna cewa wani a rukuninmu ya gama wani gagarumin aiki kwanan nan, mu duka muke biyan bashin.

Amma ba ma wannan ne ya fi riƙe ni ba, inji shi. Akwai abin da ake kira backfill. In wani babban aiki yana jiran nod da yawa su kuɓuta, Slurm yana tara masa su ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa nake ganin wasu a zaune. A cikin wannan tazarar, in akwai ƙaramin aiki da zai gama kafin lokacin babban ya yi, sai a cusa shi ko da makinsa ƙasa yake. Kamar mai shirya kaya a bayan mota ne, ƙaramin ƙunshi shi ke samun lungu. To Slurm bai san tsawon aikinka na gaskiya ba, abin da ka rubuta a --time kawai ya sani. Wanda ya rubuta awa 2 ya samu lungu ya wuce, ni da na rubuta kwanaki babu lungun da zai ɗauke ni ko da aikin nawa awa 2 ɗin zai ci. Ya kuma bambance min kalmomin nan biyu da ake yawan gani: Priority na nufin akwai waɗanda suka fi ka maki a gabanka, Resources na nufin kai ne a gaba ana jiran wuri ya samu. Ya nuna min squeue --start mai ba da hasashen lokacin farawa, ya ce hasashe ne fa kar ka ɗaura agogo a kai. A nan take muka rage lokacin da scontrol update, ya ce ragewa kana iya yi da kanka, ƙarawa kuwa sai mu. Shi kuwa memorin, sai muka soke aikin da scancel muka sake turawa da ƙarami. Kafin in kai ƙasan bene ya koma R.

Murnar ba ta daɗe ba. Da na sake duba squeue aikin ya ɓace gaba ɗaya, babu shi babu alamarsa. Squeue abin da ke layi ko ke gudu kawai yake nunawa, da zarar aiki ya ƙare, ko lafiya ko ba lafiya ba, sai ya fita daga jerin ba daɗewa. Tarihi a wurin sacct yake. Na buga sacct -j da lambar, na ƙara --format=JobID,State,Elapsed,MaxRSS,ExitCode kamar yadda aka koya min, sai ga OUT_OF_MEMORY (OOM a taƙaice), wato memorin da na nema bai isa ba. Na buɗe fayil ɗin rahoto, wanda in ba ka ba shi suna ba slurm- da lambar aikin .out yake zama a foldar da ka tura aikin daga ciki, a ƙarshensa akwai layin da ke cewa an gano oom kill. BWA ya gama nasa lafiya, a wurin samtools sort aka kashe shi. Na daɗe ina kallon umarnin kafin na je na karanta bayanin samtools da kyau: -m da ake ba shi memori na kowane zare ne (wato kowane kashi na aikin da shirin ke gudanarwa a lokaci guda, -@ ke faɗin yawansu), ba jimilla ba. Na sa -m 4G da -@ 8, kenan ya doshi wajen gigabait 32 alhali 16 aka ware min. Slurm ba ya yi maka uzuri a nan, ka tsallake abin da ka nema a yanke ka. Sai ga ni tsakanin abu biyu, ka nemi da yawa ka kwana a layi, ka nemi kaɗan a kashe ka a hanya.

Hanyar fita daga wannan ita ce awo, kuma ita ce abin da nake so duk sabon shiga ya fara da ita kafin ya tura babban aiki. Ka ɗauki samfuri ɗaya matsakaici, ka nemi zama na kai tsaye da salloc ko srun --pty bash na ɗan lokaci, za a sauke ka a kan nod ɗin lissafi ka buga umarninka da hannu kana gani. Ko ka tura shi a ɓangaren gwaji mai gajeren lokaci in kuna da shi, layinsa ba ya tsawo. In ya gama ka buga seff da lambar aikin, in an girka shi a taku kulastar, zai faɗa maka kashi nawa na CPU da na memorin da ka nema ka yi amfani da shi. In babu seff, MaxRSS na sacct, wato mafi yawan memorin da aikin ya ci, ya isa, ka duba layin da ke ƙarewa da .batch don a nan lambar take fitowa. Daga nan ka ɗora ɗan rara a kai, ni nakan ƙara kamar kashi ɗaya cikin huɗu a memori, lokaci kuma rabin abin da ya ci. Seff ya kuma tona min wani abu, CPU 8 na riƙe amma wani mataki a sikirif ɗin ɗaya kawai yake amfani da shi saboda ba a faɗa masa yawan zare ba, sauran bakwai suna zaune ana cire mana awanni. Tun daga nan nake rubuta $SLURM_CPUS_PER_TASK a wurin yawan zare, lambar da na nema a sama ita ce ke sauka ƙasa da kanta.

Akwai wata matsala da ta samu wani abokin karatuna a gabana wadda ta fi OOM ban haushi, don ita ba ta barin shaida. Aikinsa ya shiga R ya faɗi cikin daƙiƙa, sacct ya ce FAILED, fayil ɗin rahoto kuma babu shi sam. Ya sa --output ya nufi wata folda mai suna logs da bai ƙirƙira ba tukun, Slurm kuwa ba ya ƙirƙirar masa a sigar da muke da ita, ya rasa inda zai rubuta sai aikin ya mutu shiru. Mkdir ɗaya ya warware. Shi ɗin dai ya sake cin karo da wani, sikirif ɗinsa na ƙoƙarin sauko da fayil daga intanet a tsakiyar aiki, nododin lissafi namu kuwa ba su da hanyar fita waje, sai a nod ɗin shiga ake sauko da komai tukun.

Da samfuri ɗaya ya wuce lafiya sai maganar sauran. Ba sai ka rubuta sikirif ɗari ba, kuma kar ka jera su duka cikin aiki ɗaya mai tsawon kwanaki. Akwai --array. Ka rubuta sunayen samfuran a fayil, layi ɗaya suna ɗaya, ka sa --array=1-100%10 misali, Slurm zai haifar da ƙananan ayyuka 100 amma 10 kawai za su riƙa gudu a lokaci guda, kowanne yana ɗaukar layinsa daga fayil ɗin ta lambar $SLURM_ARRAY_TASK_ID. A --output ka sa %A_%a don kowanne ya samu nasa rahoton. Wannan alamar % ɗin da ke taƙaita yawan masu gudu ina ganin hakkin 'yan rukuninku ne a kanka, don in ka saki duka lokaci ɗaya makin kowa ne zai faɗi. Matakin haɗa sakamako kuma na tura shi da --dependency=afterok da lambar array ɗin, ya zauna yana jira sai duk sun gama lafiya. Washegari na tarar yawancinsu COMPLETED, 'yan kaɗan TIMEOUT, su ne samfuran da suka fi sauran girma nesa ba kusa ba, rahotonsu ya ƙare da DUE TO TIME LIMIT. Aikin haɗawar kuma yana PD da dalilin DependencyNeverSatisfied, wanda ba zai taɓa tashi da kansa ba, sai dai ka soke shi da hannunka. Daɗin array shi ne ba sai ka maimaita komai ba, ka sake turawa da lambobin waɗanda suka faɗi kaɗai, a raba da waƙafi, da ƙarin lokaci.

Yanzu ga wanda ya fi tsorata ni, kuma ina roƙon duk mai karanta wannan ya tsaya a kansa. COMPLETED ba ya nufin sakamakonka daidai ne. Abin da yake nufi kawai shi ne sikirif ɗin ya fita da lamba 0, kuma a bash lambar umarnin ƙarshe ce ake ɗauka. In umarni na tsakiya ya faɗi, na ƙarshe kuma wani echo ne mai cewa an gama, Slurm zai rubuta maka COMPLETED da zuciya ɗaya. Na gano haka ne da na jera fayilolin da ls -lh na ga ɗaya 'yan kilobait ne a tsakiyar masu gigabait, asalin fayil ɗin samfurin ya yanke tun wurin kwafa, BWA ya koka a rahoto amma bututun da ke miƙa sakamakonsa ga umarni na gaba ya wuce. Da ban duba girman ba da wannan samfurin ya shiga nazarina a haka. Maganinsa layi ɗaya ne a ƙasan layukan #SBATCH, set -euo pipefail, duk inda abu ya faɗi sikirif ya tsaya a nan ya fita da kuskure. Na kuma ƙara samtools quickcheck a ƙarshen kowane aiki don ya duba ko fayil ɗin sakamako bai yanke ba. Wani abin lura kusa da wannan, sbatch yana ɗaukar kwafin sikirif ɗinka ne a lokacin da ka tura, gyaran da ka yi masa bayan nan ba zai shafi aikin da ke layi ba, amma fayilolin da sikirif ɗin ke kira, kamar jerin samfura ko wani shirin Python, sai lokacin gudu ake karanta su. Kar ka taɓa su alhali array na tsakiyar tafiya.

Maganar sa ido kuma, da farko kamar kowa na riƙa buga squeue ba ƙaƙƙautawa, har na ga wasu na sa watch yana bugawa duk daƙiƙa biyu. Masu kula da kulasta ba sa son wannan ko kaɗan, kowace bugawa tambaya ce ga kwamfutar da ke rabon aikin, in mutane da yawa suka yi haka ita kanta sai ta yi nauyi. Ka sa --mail-type=END,FAIL da adireshinka a --mail-user, saƙo zai zo maka. In kana son ganin ci gaba, tail -f a kan fayil ɗin rahoto ya wadatar, in Python ne ka ƙara -u don kar ya riƙe rubutun sai ƙarshe ka zaci ya maƙale. Akwai kuma ranar da duk abin da na tura ya tsaya da ReqNodeNotAvail da maganar maintenance, ashe an sanar da rufe kulasta don gyara a wannan rubutun maraba da ba wanda ke karantawa, duk aikin da lokacinsa zai shiga cikin ranar gyaran ba za a fara shi ba. Na rage --time yadda zai gama kafin lokacin, ya shiga.

In abu ya gagare ka ka rubuta musu, amma ka rubuta yadda za su iya taimaka maka. Aikina ya ƙi yi ba ya kai ka ko'ina. Ka sa lambar aikin, cikakkiyar hanyar foldar da sikirif yake, layukan kuskuren a kwafe kamar yadda suka fito maimakon hoton allo, da abin da ka riga ka gwada. Duk saƙon da na tura a haka amsa ɗaya ta warware shi. Ka kuma riƙa ajiye lambar kowane muhimmin aiki da sigar manhajojin a wani fayil, ranar rubuta babin hanyoyin bincike za ka neme su.

Da aka gama nazarin sai kwashe kaya. Tun kafin lokacin sharewa ya zo na kwafe sakamakon ƙarshe daga scratch zuwa ma'ajiyar rukuni, na tabbatar da kwafin da md5sum, na goge fayilolin tsakiya da ba a buƙata don su ne ke cinye wuri. Sashen sun nemi a ambaci kulastar a shafin godiya na kundin da duk takardar da za ta fito daga aikin, da irin wannan suke nuna wa jami'a amfanin kuɗin da ake kashewa a kanta, akwai ma jimlar da suka tanada a shafinsu ka kwafa. Akawun ɗin kuma a jikin rajistarka yake, ana rufe shi bayan ka kammala, don haka na tambaye su ranar tun da wuri na miƙa wa malamina ikon foldar sikirif ɗin saboda ɗalibin da zai ɗora daga inda na tsaya.